Ambulan Ɗin Da Aka Liƙe Da Shinkafa

Jama'a, yau ba doguwar gaisuwa. Duk wadda ta taɓa jin kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu a tsakiyar falon gidansu, amma ta haɗiye saboda wadda ta yi mata laifin ita ce ta haife ta, to ta matso kusa. Da ita nake.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Rehnuma Laskar, a gida Tuli ake ce min. Likita ce ni, shekarata talatin da huɗu, ina zaune da mahaifiyata, da nake kira Ammu, a garin Hamtramck, a gidan da na tashi. Ina aiki a ɗan asibitin Dakta Mozumder da ke kan titin Conant, tsakanin mai sayar da kifi da mai shagon sari, zanen nan da matanmu ke naɗawa. Kun dai san duk mai neman katin zama na dindindin sai likita ya duba shi, kuma ba kowane likita ba, sai wanda hukumar shige da fice ta ba izini. A cikin masu jin yarenmu tsohon nan kaɗai ke da izinin a unguwar, ga shi ya ce ƙarshen shekara zai ajiye aiki.

Wata bakwai ke nan da na tura takardar neman nawa. Suna son lasisi, suna son shaidar karatu, suna son hujjar cewa ka yi shekara huɗu cur kana aiki bayan ka gama horo. Shekarun horon nan da muka yi muna gyangyaɗi a tsaye ba sa cikin lissafi. Na jira shekara huɗun ta cika kamar mai jiran ganin watan Sallah, washegari na yi sammako gidan waya. Tun daga ranar, kullum na dawo aiki tambayata ɗaya ce.

"Ammu, ba wasiƙa?"

"Babu, sai tallan kantuna."

Ba kwaɗayin suna ya sa nake son izinin nan ba. Na taɓa ganin tsohuwa 'yar shekara saba'in an kai ta wani gari gaban likita namiji da ba ya jin ko kalma ɗaya ta bakinta, surukinta ke fassara mata tambayoyin da ko 'yarta ba za ta iya faɗa wa amsarsu ba. Kwana uku matar nan ba ta fito cin abinci ba. Ranar na ce sai na zama wadda za su riƙa zuwa wurinta.

Sai kuma Shafayet, wanda zan aura. Injiniya ne a kamfanin da ke ƙera birkin mota, dogo, siriri, mai maganar da sai ka kasa kunne. Shi ya cire mana tsohon kwaɗon ƙofar asibiti da ke cije mana kullum, ya sa irin mai lambobin nan, a nan ma muka fara magana. Kamfaninsa ke nema masa katin, ba ni ba, don haka masu cewa auren takarda zai yi su nemi wani zancen. Ranar Lahadi mai zuwa danginsa za su kawo pan, ganyen da muke taunawa kamar goro, da sukari a sa mana rana.

Hukumar ta aiko masa cewa takardar lafiyarsa ta isa hannunsu kafin Juma'ar nan ta wuce. Dakta Mozumder ya duba shi, ya cike, ya sa hannu, ya saka a ambulan, ya liƙe, ya buga hatimi, ya rubuta haruffan farko na sunansa a kan bakin, ya bi da salatif. Haka dokar take, kuma in aka ga alamar an buɗe, takardar ta tashi a banza. Ranar Asabar tsohon ya hau jirgi zuwa ƙauyensu a Sylhet, can ƙasarmu ta asali, duba yayansa da ke kwance, sai bayan mako shida. Shi kuma Shafayet da mutum uku yake haya, masu ɗora kofin shayi a kan duk abin da ya yi faɗi, sai ya ba ni ambulan ɗin in adana har takardar lauya ta iso a haɗa a tura. Na ajiye a kan madubina. Na ce da Ammu, da baki, sau biyu, kada a taɓa.

Yau Talata, biyar da rabi na dawo. Tun daga ƙofa ƙamshin naman sa da shatkora, lemon nan mai ɗaci na ƙasarmu, ya tare ni, na san Khala Jhorna, ƙanwar Ammu, tana ciki, don ita kaɗai ake yi wa wannan girkin a tsakiyar mako. Tana zaune a kan doguwar kujerar da har yau ba a cire mata ledarta ba, cikin riga da wando ruwan hoda, gyalen ya zame kafaɗa, baki jawur da pan. Ammu na sanye da koren sarinta na zaman gida, damin mukullai a ɗaure a gefen mayafin, tana murmushin da rabon da in gani tun ranar da na gama makaranta.

"Ga amarya, ga likita!" in ji Khala. "Zo zauna, albishirinki."

"Na me, Khala?"

"Yaron nan lafiyarsa ƙalau! Ba tarin fuka, ba ciwon sanyi, ba komai. Allurar rigakafi ma duk ya yi. Ni da na yi shekara tara ina goge-goge a asibiti, na san takardar mai lafiya in na gan ta."

Na bi idon Ammu zuwa teburin cin abinci. Ga butar shayi, ga farantin pan, ga ambulan ɗin Shafayet an danne shi da gwangwanin sukari don ya miƙe.

Na ɗaga gwangwanin. Bakin ambulan ɗin ya yamutse saboda tururi. Salatif ɗin da suka ɓare ya tafi da rabin rubutun likita. Sun mayar sun liƙe, kun san da me? Da dafaffiyar shinkafa. Ƙwaya ɗaya ma ta leƙo waje, ga tabon kurkum na babban yatsa a gefe.

"Mun mayar da shi yadda yake," in ji Ammu. "A gida haka muke liƙe wasiƙa. Wasiƙun da nake aiko wa marigayi babanki duk da shinkafa na liƙe su, har ƙasar nan suke zuwa ba su buɗe ba."

Wallahi ji na yi kunnuwana suna huci.

"Ammu, sau nawa na ce kada a taɓa?"

"Ni na haife ki. Akwai abin da zai kwana a gidan nan a ce min kada in taɓa?"

"Ba nawa ba ne! Ba naki ba ne! Amana ce!"

"Ke, rage murya," Khala ta tsoma baki. "Mutum ɗan shekara talatin da bakwai bai taɓa aure ba, siriri kamar sillen kara, ranar da ya zo cin abinci yana ta tari, sai mu ɗauke ki mu miƙa masa ido rufe?"

"Barkononki ne ya sa shi tari, Khala! Ni ma na yi tari! Ke ma kin yi!"

"Oho dai. Rigakafi ya fi magani, ku likitoci kuka koya mana."

Na ɗauki waya na tura wa Shafayet saƙo.

*Kana ina?*

*Yanzu na fito daga aiki. Takardar lauya ta iso. Gobe da safe sai gidan waya, in sha Allah.*

*Zo gidanmu yanzu.*

*Lafiya? Ko Khala ta sake canza launin kayan Lahadi?*

*Ka zo dai.*

Kafin ya iso na shige kicin na kira asibitoci uku masu izini. Biyu sun tashi. A na ukun aka ce ba gurbi sai Larabar mako mai zuwa, kuma gwajin jini sai nasu, kwana huɗu kafin ya fito. Na kira Dakta Mozumder sau biyar, wayar a kashe. Damina ce a can, in ruwa ya cika ƙauyensu ko wuta babu, balle waya. Ko na same shi ma, hannunsa ake so da biro a kan takarda, ba hoto ba. Garin gyaran gira an tsone ido, kuma idon ba na masu gyaran ba ne. In Juma'a ta wuce za a iya watsi da takardunsa, layin shekara shida ya koma farko.

Ya shigo da sallama, ya cire takalmi ya jera su a bakin ƙofa yadda ya saba, farar rigarsa ta aiki har da katin kamfani a wuya. Ya gaida Ammu, ya gaida Khala, sannan ya ga abin da ke hannuna. Ya karɓa. Ya juya gaba, ya juya baya. Ya sa farce ya cire ƙwayar shinkafar nan, ya tsaya yana kallonta a kan yatsansa.

Sai ya buɗe jakarsa ya zaro wasu takardu a ninke ya ajiye a gaban Ammu.

"Anti, ai likita yana ba mutum kwafinsa. Ga shi, tun ranar Alhamis yake cikin jakata. Da kin tambaya, da na kawo miki har gida."

Ammu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Haba, ɗana. Ina za a iya tambayar suruki irin wannan abu?"

Kun ji fa. Kunyar tambaya ake ji, ba a jin kunyar ɗora butar shayi a wuta a turara sirrin mutum. Da ba don yana tsaye ba, ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Khala ta gyara zama, ta shafa farar ƙasa a ganyen pan, irin zaman da take yi in za ta raba gardamar da ba a kira ta ba.

"Ni ban ga abin tashin hankali ba. Tuli, tsohon nan ba ke ya bar wa mukullin teburinsa ba?"

Gaskiya ne. Ɗan ƙaramin mukulli ne mai jan zare, yana cikin jakata. A aljihun teburin akwai hatimin asibiti, akwai kuma hatimin sa hannunsa da yake buga wa masu neman hutun rashin lafiya.

"Ambulan nawa ne a asibitinku? Ɗari. Ki ɗauko sabo, ki mayar da takardar, ki buga hatimi, ki rubuta haruffa biyun nan, ki bi da salatif. Abin da ke ciki ba gaskiya ba ne? Ba shi ya duba yaron ba? Ba shi ya sa hannu ba? Wa aka cuta?"

"Khala, kin san abin da kike cewa kuwa?"

"Na sani mana. Haruffa biyu nake cewa."

A nan na sauke musu duk abin da ke cikina. Na ce aikin da nake nema gaba ɗayansa rufe ambulan ne, amanar da za a ba ni ke nan, cewa in na liƙe abu ba wanda ya sa hannu a ciki. Na ce ranar da na rubuta sunan wani da hannuna, ranar na daina zama likita, ko an kama ni ko ba a kama ni ba. Na ce in aka kama ni kuwa, ba izini kaɗai zan rasa ba, har lasisin da Ammu ta yi shekara goma sha tara tana ɗinka rigar kujerar mota a masana'anta don in samu. Na buga tebur har cokulan suka yi tsalle.

"Ko da wuƙa a wuyana ba zan yi ba. Ku ji da kyau. Ko da wuƙa!"

Shafayet ya ɗago. "Ban roƙe ki ba, Tuli. Ba kuma zan roƙe ki ba."

A hankali ya faɗa, ya ajiye kofin shayin da Ammu ta tura masa bai kurɓa ba. Wallahi da ya roƙe ni da ya fi min sauƙi, da na samu wanda zan ƙara yi wa faɗa.

"To ki sake duba shi da kanki mana," in ji Ammu. "Ki sa naki hannun, ba na kowa ba."

"Ammu, ba a duba wanda za a aura. Ko ana yi ma, da wane izinin? Wata bakwai ina jira, kin fi kowa sani!"

Sai na ga fuskarta ta washe. Ta miƙe tsaye, mukullan mayafinta suna ƙara.

"An ba ki."

"Me?"

"Na ce an ba ki. Jira ni."

Ta haye sama. Muna jin ta tana jan akwatin ƙarfen da take tara min kayan aure a ƙarƙashin gado. Ta sauko riƙe da wani farin ambulan a tafin hannu biyu, an ɗaure shi da jan zare, yana warin kafur. Tambarin hukumar na gani a kusurwa, da sunana.

"Kusan wata guda ke nan da ya zo. Kin ga, wannan ban buɗe ba. Ko taɓa bakinsa ban yi ba." Tana faɗa tana kallon Shafayet, wai ya shaida. "Cewa na yi ranar Lahadi, in mutanensu sun zauna, sai ki buɗe a gabansu, su san irin 'yar da za su ɗauka. Na yi mafarkinsa ma, alheri ne a ciki."

Wata guda. Wata guda ina shigowa ina cewa ba wasiƙa, tana kallon tsakiyar idona tana cewa sai tallan kantuna. Wanda aka ce kada a buɗe an turara shi an buɗe, wanda ya kamata a buɗe tun ranar da ya zo an ɗaure shi da zare an kwantar da shi a tsakanin sari. Ban san lokacin da na fizge shi daga hannunta ba.

Shafi biyu ne. Ba izini ba ne. Sun ce sun duba takarduna, komai ya cika sai abu ɗaya: wasiƙar da Dakta Mozumder ya rubuta ta shaidar aikina a wurinsa ba ta da ranaku. Tsohon ya rubuta cewa na yi "fiye da shekara biyu" tare da shi, haka kawai, kamar yana ba da labari a wurin shan shayi. Suna son sabuwar wasiƙa daga gare shi, da ranar da na fara, da sa hannunsa. In ba ta isa gare su ba, za su ɗauka na janye. Na duba wa'adin sau uku ko zai canza. Litinin mai zuwa.

Da an ba ni ranar da ta zo, tsohon yana nan a ofishinsa yana gyangyaɗi bayan azahar. Minti biyar ya ishe shi.

Na karanta musu da ƙarfi, kalma bayan kalma, na fassara wa Ammu don kada ta ce ba ta gane ba. Ammu ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

"Tuli, so na yi in faranta miki. Wallahi so na yi in..."

Ban rarrashe ta ba. Ku zage ni in kuna so, ban rarrashe ta ba. Ina sonta, na san yatsunta sun kanannaɗe ne a kan keken ɗinki saboda ni, amma a wannan lokacin ko kallonta ban iya yi ba. Son da ba ya tambayarka me kake so, sai dai ya yanke maka, yau na ga ƙarshensa.

Khala ta naɗe pan ɗinta ta tura a kunci. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranakun da za a rubuta a wasiƙar, ƙarya ne?"

"A'a."

"Da tsohon yana nan, zai sa hannu?"

Na ninke takardar.

"To," ta ce, tana taunawa. "Ashe wuƙar ta iso wuyan."

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. Kafin Khala ta rufe baki na riga na gama tsara wasiƙar a kaina. Na san takarda mai kan asibiti tana aljihu na biyu. Na san yadda ake danna hatimin nan a karkace don ya yi kama da biro. Har na lissafa ƙarfe nawa gidan waya ke buɗewa. Ni da na gama buga tebur minti goma da suka wuce saboda takardar wani, da abin ya zo kaina ko daƙiƙa goma ban yi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk fushin da nake yi da su sai ya juyo kaina, kuma ya fi zafi.

Na ɗauki jakata na fita baranda. Rana ba ta faɗi ba tukuna, yaɗon duman da Ammu ta shuka ya haye shingen maƙwabta. Shafayet ya biyo ni yana saka takalmi, yamutsattsen ambulan ɗinsa a hammata.

"Gobe zan bi asibitocin ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Har garin Toledo in ta kama. Lauya ma zai gwada roƙon ƙarin lokaci. Ke kuma akwai wani ɗan uwan abokina a garin Sylhet, in ya samu kwalekwale zai iya kaiwa ƙauyen."

"Kafin Litinin?"

Bai amsa ba. Ba ya ƙarya, shi ya sa nake sonsa, shi ya sa kuma a lokacin na ji kamar in shaƙe shi.

Na zuge jaka na ciro ɗan mukullin mai jan zare. Na kamo hannunsa, karo na farko tun da muka san juna, a gaban tagar da na san Khala tana leƙe ta cikinta. Na sa masa a tafi na naɗe yatsunsa a kai.

"Riƙe min wannan har Litinin ta wuce. Ko na yi kuka, ko na zage ka, ko na ce na fasa auren, kada ka ba ni."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. "Tuli, ni kike ba wa?"

"Kai nake ba wa."

Ya saka shi a aljihun gaban riga, a bayan katin kamfanin, ya sauka matakala ya shiga mota. Na tsaya ina jin wani irin sanyi a ƙirjina, wai na tsira daga kaina.

Sai da motarsa ta kai ƙarshen layi na ga fitilar kwana tana ƙiftawa. Gidansa hagu ake yi, titin Conant, inda asibitinmu yake, dama. Wata babbar motar kaya ta shigo ta tare min, kafin ta wuce ya ɓace, ban ga inda ya bi ba.

A nan na tuna wa'adinsa ya riga nawa da kwana uku. Na kuma tuna wanda ya zaɓa wa ƙofar asibitinmu lambobinta.